Kuɗin da aka sa wa gida ba shi ne darajar gidan ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan abin da ya daɗe yana damuna, wato yadda mutane suke taya gida idan sun tashi saye. Mutum zai shekara goma ko fiye yana tara kuɗi, ya hana kansa ya hana iyalinsa, amma ranar ciniki cikin minti ashirin sai ya zubar da wahalar shekara guda saboda kunya ko gaggawa. Ni ya faru da ni shi ya sa nake maganar da zafi.

Lokacin da na sayi gidan da nake ciki yanzu, dillali ya kai ni da yamma, an yi sabon fenti, maiɗakina ta shiga kicin ta fito tana murmushi, ni kuma a gaban dillalin na ce wallahi irin gidan da nake nema kenan. Toh daga nan ciniki ya ƙare tun ba a fara ba. Washegari ya bugo min waya wai akwai mutum biyu da suke so, ɗaya ma zai kawo kafin alƙalami gobe, na tsorata na ƙara a kan tayina har sau biyu ba tare da mai gidan ya sauko ko kaɗan ba. Da damina ta zo rufin ɗakuna biyu ya fara yoyo, fentin nan ashe tsagewar bango aka rufe da shi, daga baya kuma na ji maƙwabcina ya sayi nasa, girma ɗaya gini ɗaya, da ragin kusan kashi ɗaya bisa goma na abin da na biya. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Abin da na fahimta daga baya shi ne lambar farko da aka faɗa maka tana kama ƙwaƙwalwa ta riƙe. Ba zancen baki ba ne, masana sun gwada. Tun 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka nuna cewa in aka fara jefa wa mutum wata lamba, ƙiyasinsa kusa da ita yake tsayawa ko da lambar ba ta da tushe. A 1987 kuma wasu masu bincike biyu, Northcraft da Neale, suka kai ƙwararrun dillalan gidaje wani gida a garin Tucson na Amurka, gida ɗaya ne amma kowane rukuni aka ba shi takarda da farashi daban, sai ga shi waɗanda aka nuna wa farashi mai tsada sun yi wa gidan kuɗi da tsada, waɗanda aka nuna wa mai sauƙi sun yi masa da sauƙi, kuma yawancinsu ba su yarda cewa farashin takardar ya ja su ba. In ƙwararru haka ta same su, ina ga ni da kai da sau ɗaya muke sayen gida a rayuwa?

Shi ya sa nake cewa kafin ka buɗe baki ka taya, ka zo da taka lambar daga gida. Kada ka tsaya tambayar nawa ake sa wa gidaje a unguwar, kowa yana iya sa abin da ya ga dama, ka tambayi nawa aka sallama, nawa aka biya a hannu, gida uku ko huɗu masu kama da wannan cikin 'yan watannin nan. Ka ɗauki magini ko injiniya na amana, wanda kai za ka biya ba wanda dillali ya kawo ba, ya hau rufi ya duba, ya ga fandisho, wayarin, famfo, hanyar ruwa, in da hali ma a je bayan an yi ruwan sama. Duk gyaran da ya lissafa ka rubuta da kuɗinsa. Wannan takardar ita ce hujjarka, don akwai bambanci tsakanin ka ce wa mutum a rage min kawai, da ka ce Alhaji ga rufin nan sai an sauya, ga abin da zai ci, a cire shi daga kuɗin. Na farko roƙo ne, na biyu magana ce da mai hankali zai tsaya ya saurara.

Sai maganar dillali, kuma ba zaginsu nake ba, sana'a ce kuma akwai masu gaskiya a cikinsu da yawa. Amma mai saye ya gane cewa la'adar dillali tana fitowa ne in an ƙulla ciniki. A ce kashi 5 cikin 100 yake samu, toh ragin da zai sa ka yi barci da daɗi shi kaɗan ne ya taɓa rabonsa, amma in cinikin ya watse ya tashi a tutar babu, saboda haka abin da ya fi so shi ne a gama yau, ya matsa maka ka ƙara, ya matsa wa mai gida ya sallama. Wasu masana tattalin arziki, Steven Levitt da Chad Syverson, sun duba cinikin gidaje kusan dubu ɗari a kewayen Chicago, suka gano cewa in dillali gidansa na kansa yake sayarwa yakan ƙara jira kusan kwana goma kuma ya sayar da ƙarin kusan kashi 3.7 cikin 100. Wato shi ma ya san jira yana da riba in kuɗinsa ne. Don haka kada ka taɓa faɗa wa dillali iyakar abin da za ka iya biya, in ka faɗa toh ka ɗauka mai gida ya ji. In kuma ya ce akwai wasu masu so, ka ce masa Allah ya ba mai rabo sa'a, tayina yana nan zuwa ranar kaza.

Wani abu da mutane ba sa tambaya, me ya sa ake sayar da gidan, kuma tun yaushe yake kasuwa? Wanda aka yi wa canjin wurin aiki ko bashi ya taso shi gaba, ko magada da suke jiran a raba, ba ɗaya suke da wanda ya sa gida a kasuwa don ya gwada sa'a ba. Ga mai sauri, kuɗi a hannu cikin sati biyu ya fi masa ƙarin da zai zo a kashi-kashi, kaga nan ba farashi kaɗai ake ciniki a kai ba, akwai lokacin biya, ranar tashi, wa zai yi gyara, wa zai biya lauya da kuɗin canjin takardu. Amma a nan zan ja kunne, sanin matsin mutum ba lasisi ba ne na danne shi. Na ga masu taya gida da rabin kuɗinsa don sun ji mai shi yana da mara lafiya a asibiti, wannan ba wayo ba ne zalunci ne, kuma sau da yawa mai gidan yakan ce albarka ya rufe ƙofar magana gaba ɗaya ko da daga baya ka dawo da tayi mai kyau. Gida ba kamar sauran kaya ba ne, mutum ya haifi 'ya'yansa a ciki, kada ka shiga kana kushe masa shi a gaban iyalinsa don a rage maka. Ka taya ƙasa da inda kake son tsayawa don ka bar wa kanka wurin ƙari, amma tayin da za ka iya kare shi da hujja ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Kuma dan Allah kada a ba da kafin alƙalami sai lauya ya ga takardun mallaka ya tabbatar mai sayarwa shi ne mai gidan kuma ba a jinginar da shi a banki ba, a rubuta a takarda cewa in matsala ta fito za a dawo da kuɗin.

Watan jiya na raka ƙanwata duba wani gida, ta so shi sosai amma tun a mota na ce mata ta riƙe fuskarta. Muka kawo magini, muka yi lissafi, muka taya, mai gidan ya ce albarka, muka ƙara kaɗan zuwa iyakar da muka rubuta tun daga gida, ya sake cewa albarka, muka yi masa godiya muka tafi. Bai kira mu ba har yanzu, ta yi kwana biyu ba ta jin daɗina, amma kuɗinta na nan a hannunta kuma ranar Asabar za mu je duba wasu guda biyu.

Malam Edita ina roƙon ku samo lauya da masanin ƙiyasin gidaje ku ba su shafi ko sau ɗaya a wata su riƙa amsa tambayoyin masu karatu a kan wannan harka.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum