Wasiƙa Daga Zariya: Maganar Motar da Ka Ce In Nemo Maka

Tudun Wada, Zariya.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, da kuma ɗawainiyar karatu. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Na leƙa gida ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, na tarar da Hajiya jiki da sauƙi sosai, kumburin ƙafar ya saɓe. Ta ce in faɗa maka ka kwantar da hankalinka ka ƙarasa abin da ya kai ka.

Saƙonka ya iso. Na yi murna ƙwarai da jin an sa maka ranar kare kundin digirinka, kuma kana shirin dawowa bakin aiki a Samaru. Allah ya sa a gama lafiya. Sai batun mota. Hoton da ka turo na zungureriyar nan mai silinda shida da kujerun fata, na daɗe ina kallonsa. Kyau kam ba a magana. Amma ban goyi bayan ka saye ta ba, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto maka dalla-dalla maimakon in tura murya ta waya, ka saurara ka manta.

Ƙasar da ka bari ba ita za ka tarar ba. Lokacin da ka tafi Malesiya litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya ƙare. Kafin mako ya zagayo lita ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ke wajen 460 a hannun gwamnati ta zarce 1,500 cikin 2024. To duk abin da ke jikin mota, daga fulogi har taya, da dala ake shigo da shi. In ka dawo ka zaga gidajen ma'aikata za ka ga manyan motoci an lulluɓe su da tamfol, ƙura ta yi musu rawani, masu su kuwa suna bakin titi suna tsayar da Keke. Ba na so abokina ya shiga wannan sahu. Ka lissafa zirga-zirgarka: kullum daga Tudun Wada ka bi ta PZ, ka haye Kwangila zuwa Samaru, ka ajiye yara a makaranta, lokaci-lokaci ka kai Hajiya asibitin Shika, wani zubin ka leƙa Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80. Wannan aikin ƙaramar mota ce mai silinda huɗu. Daidai ruwa, daidai tsaki.

In ta ni ne, Corolla za ka saya, ƙirar 2003 zuwa 2008, ko 'yan uwanta Matrix da Pontiac Vibe, waɗanda mafi yawansu injin iri ɗaya suke ɗauke da shi, mai lita 1.8. Ba don ta fi kowace mota daɗin hawa ba. Dalilina shi ne duk bakaniken da ke garin nan ya san cikinta, kayanta kuma ko da Magariba ka shiga Sabon Gari za ka samu. In an rasa, akwai Panteka a Kaduna, akwai Ƙofar Ruwa a Kano. Injin nata sarƙa ce ke daidaita masa lokacin buɗewa da rufewar bawul, ba bel ba, don haka babu fargabar bel ya tsinke maka a tsakiyar hanya ya lalata bawul. Na san zuciyarka tana wajen Fijo 406, don da Fijo muka tashi. Tun 1975 ake harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma 504 ɗin Baba har yanzu ina jin ƙamshin kujerunta. A kan doguwar hanya 406 ta kwanta da kyau, ba musu. Sai dai tana son bakanikenta na musamman da mai wayarin da ya san ta, belinta kuma dole a riƙa canza shi a kan kari. Kai da za ka dawo da lakca da duba takardun ɗalibai, ba ka da lokacin zaman gareji. Civic ma mota ce, amma ta yi ƙasa da yawa. Lungunan cikin birni da damina ba za su raga mata ba.

Yanzu saye. Nan ne nake so ka natsu. Kasuwar kashi biyu ce: 'yar Kwatano, wadda wasu ke cewa Beljiyam ko tokumbo, da kuma wadda aka riga aka hau a gida. Ta farko ta fi tsada, kuma ba kowace aka kira da sunan ba ce take amsa shi; wata an shekara ana gurzarta a nan, aka wanke, aka cire lamba, aka manna mata takarda a gilashi. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, saboda haka takardar kwastam ita ce abu na farko da za a duba, a kuma tabbatar da ita, kada wata rana a tare ka a hanyar Kano a ce ba a biya haraji ba. Lambar shasi, haruffa da alƙaluma 17, dole wadda ke kan takarda ta yi daidai da ta ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba. Da wannan lambar ake binciko tarihin motar da ta fito daga Amurka a intanet, ko ta taɓa haɗari, ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Kai da ke da intanet mai ƙarfi a can, wannan aikin naka ne. Ni zan riƙa turo maka lambobin.

Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. Kwanakin baya na raka ƙanin matata duba wata mota a wajen wani dillali, muka tafi da bakanikena. Motar tana sheƙi, an fesa mata turare har yana hawa kai. Shi kuwa bakaniken ko kallon fentin bai yi ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya kama bel ɗin kujera ya yi ta ja har ƙarshe, sai ga wani layi ruwan ƙasa ya gitta a jikinsa, shaidar inda ruwa ya taɓa tsayawa. Ya ɗaga shimfiɗar but, ya cusa yatsa a ramin safaya, ya fito da busasshen taɓo ya murje a tafin hannunsa ya nuna mana. Bai ce uffan ba, ya goge hannu da tsumma ya nufi ƙofa. Motar da ta sha ruwa, wayoyinta a hankali suke ruɓewa. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, kuma ba ranar gamawa.

Don haka da sassafe ake zuwa duba mota, injin yana sanyi, kafin a ɗumama shi a ɓoye masa tari. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a ga duk fitilun gaban direba sun kama, musamman ta injin, sannan su mutu bayan an tayar. Wasu cire ƙwan suke yi don kada ya tona asiri. A tsaya a baya a kalli hayaƙin salansa: shuɗi yana nufin tana shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa alama ce gasket, shimfiɗar da ke hana ruwa shiga cikin silinda, ya ƙone, baƙi kuwa fetur take zubarwa a banza. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga abu fari-fari ya daskare a ciki, ruwa ya haɗu da mai. A leƙa ƙasa a ga ko abin nan mai tace hayaƙi na cikin salansa da ake kira indomi yana nan, don ana yanke shi a sayar, motar ta koma zuƙar mai. A sa kwamfuta ta karanta ta. Sannan a hau ta a kan titi mai kyau da marar kyau, a kashe rediyo, a saurari ƙafafunta da yadda giya ke sauyawa. Alƙaluman tafiyar da ke gaban direba kada ka ba su gaskiya duka, ana mayar da su baya. Ka dubi yadda sitiyari da robar birki suka suɗe. Ka kuma tuna motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In an daidaita, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a ajiye kwafin katin shaidar mai sayarwa, a sauya sunan mai mota nan take. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a fara ciniki.

Kuɗin da ka tara kada ka zuba su duka a saye. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar, don duk motar da ta zo hannunka sai an yi mata juye, an canza matatun mai da na iska da fulogi, an duba birki, galibi har tayoyi. Ga takardu: lasisi, shaidar lafiyar mota, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Ta bogi ta yi yawa, ka karɓa ta hannun kamfani mai rajista. Ka ajiye abin kashe gobara da alamar tsayawa da safaya mai iska, ka huta da 'yan Kastiliya, masu kula da dokokin hanya na jihar Kaduna, da jami'an kiyaye haɗurra.

Riƙo shi ne babban aiki, kuma akwai abu guda da nake so ka tsaya a kansa ko da za a ce ka cika taurin kai. Cikin injin akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira tamostat, shi ke tsare ruwa har injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi. Da yawa cikin masu gyaranmu, da kyakkyawar niyya, za su ce maka wannan na ƙasar sanyi ne, a cire, a haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Kada ka yarda. Injin da bai kai zafinsa ba, kwamfutarsa za ta yi ta ƙara masa fetur tana zaton bai gama ɗumama ba, ga shan mai, ga saurin cinyewar ƙarfe. In mota tana zafi, a nemo dalilin: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko fanka ta mutu. Kuma ruwan lagireto na musamman ake zubawa, ba ruwan rijiya ba, wanda ke barin tsatsa da ƙanzo a ciki. Zafin Maris da Afrilu a nan ba wasa ba ne. In allurar zafi ta haura, ka tsaya nan take ka kashe, kada ka ce bari in ƙarasa gida, kada kuma ka buɗe murfin yana tafasa.

Juye kuwa, ni duk kilomita 5,000 nake yi, tare da sabuwar matata. Littafin wannan Corolla ɗin baƙin mai mai lamba 5W-30 ya ce a zuba, ka fara da shi muddin injin bai tsufa yana sha ba. Ka sayi galan a rufe daga babban dila ko gidan mai, don jabu ya cika kasuwa, a buɗe a gabanka. Man giya shi ma kowace mota da nata, ba a gauraya. Da hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, matatar iska takan cika da ƙura cikin ɗan lokaci. Ka koyi buɗe ta da kanka, maƙalai ne kawai. Masu faci sukan ɗura iska har taya ta yi tauri, wai don ta jure; adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, wajen 30 zuwa 32 ne. Ka sayi ɗan ma'auninka ka jefa a aljihun mota. Taya kuma tana da ranar haihuwa a gefenta, alƙaluma huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi. Kada ka saba tafiya da tanki a ƙarshe, don famfon mai a cikin fetur ɗin yake samun sanyi. Man 'yan bumburutu sai in ta kama dole.

Sai bakanike. Ka riƙe mutum ɗaya mai amana, kada ka riƙa yawo da mota gareji-gareji kowa yana gwada hannunsa. Nawa yana Sabon Gari, zan haɗa ku. Mutum ne da zai ce maka wannan bai lalace ba, bar shi, alhali da ya ce a canza da ya samu. Irinsu sun cancanci a biya su haƙƙinsu ba ja-in-ja, a gaishe su da mutunci, a tuna da yaran garejin ranar Sallah. Duk da haka ka riƙa tsayawa ana gyaran in da hali, ka karɓi tsohon kayan da aka cire, ka kuma ajiye ɗan littafi kana rubuta ranar kowane gyara da alƙaluman tafiya. Ranar da za ka sayar, littafin nan zai ƙara mata daraja.

Abin da nake jira daga wajenka: nawa ka ware gaba ɗaya, kuma mai sarrafa giya da kanta kake so ko ta hannu. Ta hannu ta fi sauƙin gyara, amma in uwargida za ta riƙa tuƙawa cikin cunkoson Kwangila, ku yi shawara tukuna. Ni da bakaniken za mu fara zagawa, duk wadda ta kwanta mana zan ɗauko maka bidiyo da lambar shasi. Kuɗi dai ba zan biya ba sai ka sauka ka zauna a cikinta da kanka. Ba ma cinikin biri a sama. Kafin nan motata tana nan, da ita zan ɗauko ku daga filin jirgin Kano, ka turo mini ranar da lokacin sauka da wuri.

Maman yara tana gaida uwargida, ta ce a shafa mata kan auta. Mutanen majalisa duk suna tambayarka. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya dawo mana da ku lafiya.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Tudun Wada.