Kun yi wa Rubin Carter kirarin da ba nasa ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na wasanni na daren Asabar ya ɓata mini rai, kuma na kasa haɗiye abin. Baƙon nan da kuka kawo ya kama yi wa Rubin Carter, ɗan damben Amurka, kirari ba ji ba gani, wai a ajin matsakaita nauyi ba a taɓa yin ɗan dambe kamarsa ba, wai ba don an ɗaure shi ba da kambun duniya ya tsufa a hannunsa. Shi kuma mai gabatarwa sai "ƙwarai kuwa, ƙwarai kuwa" yake ta yi. Tun daga buɗe shirin har aka yi sallama ba wanda ya ambaci sunan Dick Tiger, ɗan Najeriyar da ya riƙe kambun duniya na wannan ajin. A gidan rediyon Najeriya fa! Haba Malam.

Kada wani ya ce ba na tausayin mutumin. An kama shi a 1966 kan kisan mutum 3 a wata mashaya da ke Paterson a jihar New Jersey, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1967, aka sake shari'ar a 1976 aka sake ɗaure shi, sai a 1985 wani alƙalin kotun tarayya ya rushe hukuncin, ya ce masu gabatar da ƙara sun jingina da wariyar launin fata. Kusan shekara 20 na rayuwarsa sun tafi a gidan yari. Wannan abin a jajanta ne. Amma zaman gidan yari ba ya ƙara wa mutum ko turmi ɗaya a kan abin da ya ci a fage, kuma a nan baƙonku ya cakuɗa zance.

Carter ya yi dambe 40 a matsayin ƙwararre. Ya ci 27, 19 daga ciki da kisa, wato an tsayar da damben kafin a cika turmi, an cinye shi sau 12, ɗaya aka tashi kunnen doki. Me ya sa ba a karanto wa masu sauraro wannan ba? Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne na ƙarshen. Bayan ya nemi kambu ya rasa a Disambar 1964, dambe 15 ya ƙara yi: ya ci 7, ya sha kashi a 7, kunnen doki 1. Luis Rodriguez na Kuba ya cinye shi har sau biyu a 1965. Harry Scott ya rama a kansa a Landan. Damben ƙarshe da ya yi, a Ajantina cikin Agustan 1966, shi ma cinye shi aka yi. Duk wannan kafin a rufe shi. To wane kambu ne gidan yari ya hana shi ɗauka?

Na san inda baƙonku ya samo karatunsa. Daga fim ɗin nan ne da aka yi kan rayuwar Carter a 1999, inda aka nuna ya yi wa Joey Giardello, mai riƙe da kambun a lokacin, lilis amma alƙalai fararen fata suka yi masa fashi. Ba haka aka yi ba. Ranar 14 ga Disamba 1964 a Filadelfiya, Carter ya fara da zafi, ya girgiza Giardello a turmi na 4 har ya fasa masa gira. Daga nan dattijon, mai shekara 34 a lokacin, ya riƙa kewaya shi yana tsikarinsa da hagu har aka cika turmi 15, alƙalai ukun duka suka ba shi. Da fim ɗin ya fito Giardello kotu ya kai masu shi, sai da suka sasanta da shi. Mutum ya zauna a gaban makirfo yana ba mu labarin fim a matsayin tarihi, ba wanda ya ce masa kanzil.

Ni na ɗan taɓa damben zamani a ƙuruciyata a Kaduna. Ban yi nisa ba, amma na sha naushi daidai gwargwado, kuma hancina shaida ne har yau. Mai horar da mu wani tsohon soja ne, Allah ya ji ƙansa, wanda ya je Ibadan da ƙafarsa a watan Agustan 1963 ya kalli Dick Tiger da Gene Fullmer a filin wasa na Liberty, ranar da Fullmer ya kasa fitowa bayan turmi na 7. Ba ya gama horo bai kawo zancen ba. In yaro ya zo yana cika baki da ƙarfin hannu, sai ya ɗaura masa safa ya haɗa shi da wanda ya iya kare fuska, ya koma gefe ya harɗe hannuwa. Turmi biyu yaron ya fara haki, hannuwa sun sauka, baki a buɗe. Sai tsohon ya ce, "To, mai ƙarfi, yanzu sai ka fara koyon dambe." Irin waɗannan yaran nake gani duk lokacin da na kalli Carter. Dambensa wutar kara ce, in ba ta cinye ka a turmin farko ko na biyu ba, to ka tsira.

Bayan shirin naku na sa ɗana ya nemo mini damben Tiger da Carter a YouTube, muka jingina wayar da gwangwanin madara a shago, maƙwabta suka zagaye mu. Ranar 20 ga Mayu 1965 aka yi shi, a Madison Square Garden da ke New York. Hoton baƙi da fari ne, yana ɗan rawa, amma komai a fili yake. Ga Carter da ƙwalƙwalin kai da gashin baki, yana muzurai. Ga Tiger, gajere, kakkaura, hannuwa a sama, yana matsowa a hankali ba ya ja da baya. Carter na da shekara 28, Tiger na da 35, kuma a lokacin ba shi da kambu. Sau uku Tiger ya kai shi ƙasa. Da hagun nan ta sauka Carter ya zube, wani tela da ke tsaye a bayana, wanda bai taɓa jin sunan ko ɗayansu ba, ya ce, "Kai! Wannan ne wanda aka ce ba a iya masa?" An cika turmi 10, alƙalai duka suka ba Tiger. Shi kansa Carter daga baya ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa shan duka irin na ranar ba, a fage ko a wajen fage. Mai abu ya yarda, baƙonku ne bai yarda ba.

Kuma dubi abin da Tiger ya yi bayan nan. Cikin Oktoban shekarar ya karɓe kambunsa daga hannun Giardello ɗin da ya gagari Carter. A Disambar 1966 ya hau aji na gaba ya ƙwace kambu daga Jose Torres, yana da shekara 37. Mujallar Ring ta zaɓe shi gwarzon ɗan damben shekara a 1962 da 1965. Ɗan Amaigbo ne, sunansa na yanka Richard Ihetu, ya rasu a Aba a 1971 da cutar dajin hanta. In kuma don ya goyi bayan Biyafara lokacin yaƙi ne ake jin nauyin kiran sunansa, to ku fito ku faɗa mu ji, mu san da wane ma'auni kuke auna 'yan wasa.

Ba zan hana Carter haƙƙinsa ba. Daga 1962 zuwa farkon 1964 abin tsoro ne. Ya kashe Florentino Fernandez a turmin farko. Ya yi wa Emile Griffith haka a Disambar 1963, kodayake Griffith zakaran ajin ƙasa ne da ya hauro, bai kai shi nauyi ba, kuma wannan ma baƙonku ya tsallake shi. Ya cinye George Benton, ya cinye Jimmy Ellis wanda daga baya ya riƙe kambun manyan masu nauyi. Wanda ya yi wannan ba kanwar lasa ba ne. Amma a tsakanin nan ma Joey Archer, wanda kowa ya san ba shi da nauyin hannu, ya cinye shi da ƙafa da dabara kawai. Mai neman kambu ne na gaske a zamanin da ajin ya cika da maza, ya samu damarsa sau ɗaya, aka fi shi. Iyakarta ke nan.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Tallan masu maganin gargajiya da kuke cusawa a tsakiyar shirin ya wuce gona da iri. Mutum na zaune da 'ya'yansa da surukarsa ana jin labarin wasanni, sai kawai wani ya ɓarke da zancen maganin ƙarfin maza da kalmomin da ko a tasha sai an rage murya. Ranar Asabar ɗin sai da na yi wuf na murɗe rediyon, kafin in dawo da ita an wuce sakamakon gasar Firimiya ta Najeriya. In kuɗin tallan ne ba ku iya bari, ku mayar da shi ƙarfe goma sha ɗaya na dare mana.

Abin da nake nema kaɗan ne. Ku dawo da baƙon nan, ku kunna masa damben 1965 a gabansa, sannan ku tambaye shi ko yana nan kan bakansa. Kuma ku ware wa Dick Tiger shiri guda cikakke, ba tare da tallan magani ba.

Naku mai sauraro kullum,
daga Tudun Wada, Kaduna.