Wace kwamfutar cinya ce za ta ɗauki wasannin PS2 da PS3 a zafin Maraɗi?

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Mu masu gyaran kwamfuta ne a Maraɗi, kuma muna sauraron shirinka na fasaha. Matasa suna yawan tambayarmu wace kwamfutar cinya ta hannu za su saya don kunna wasannin PlayStation da manhajar kwaikwayo, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki kamar na'urar wasan, yawancinsu da kuɗin da bai wuce jikka 250 ba. Bari mu shimfiɗa abin da muka sani, sannan mu kawo inda ra'ayinmu ya rabu.

PS1 da PSP ba abin damuwa ba ne. Manhajojin kwaikwayonsu, DuckStation da PPSSPP, suna tafiya a kusan kowace na'ura, har da waya. Rigimar tana farawa daga PCSX2 mai kwaikwayon PS2, da Dolphin mai kwaikwayon GameCube da Wii. Su biyun sun fi dogara ga saurin ƙwaya ɗaya ta furosesa (ƙwaya ita ce sashen da ke yin lissafi a cikin furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta) fiye da yawan ƙwayoyin, domin dole kwamfutar ta fassara umarnin na'urar asali zuwa nata a daidai lokacin da ake wasan. Idan fassarar ta makara, hoto ya sauko ƙasa da 60 ko 50 a daƙiƙa, sai murya ta fara ja, ɗan wasan ƙwallo a PES ya koma gudu kamar cikin rairayi. RPCS3 na PS3 kuwa yana son duka biyun, sauri da yawa, saboda furosesar Cell ta PS3 tana da ƙananan sassa shida da wasanni ke aiki da su lokaci guda. Ƙasa da ƙwaya shida da RAM 16GB, wasanni masu nauyi wahala ce kawai.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne yadda ake sayar wa yara takardar "i7" da ke liƙe a jiki. Harafin ƙarshen lambar ne ke faɗin gaskiya. Mai U an yi ta don ofis, wat 15 take ci. Mai H kuwa wat 45. i7-7500U ƙwaya biyu ce kacal, yayin da i5-9300H ke da huɗu kuma tana riƙe saurinta. Ga kuma batun Windows 11, wanda a hukumance ba ya karɓar yawancin furosesocin Intel da suka girmi ƙarni na 8, wato jerin fitowarsu na takwas, alhali Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoba 2025.

Iri uku muka fi gani a kasuwa. Akwai na ofis irin HP EliteBook 840 G5 mai i7-8650U da hoton UHD 620. Jikinta mai ƙwari ne, batir yana jimawa, amma PS2 sai a girman hotonsa na asali, kuma bayan ɗan lokaci sauri ya faɗi. Akwai ta wasa mai i5-9300H da katin GTX 1650 na 4GB, wadda ke ninka hoton PS2 sau uku ya kai kusan 1080p ba tare da gargada ba. Sai mai Ryzen 5 5600H, ƙwaya shida, wani lokaci ba katin hoto na daban. Wannan ta ukun tilas a sa mata RAM sanda biyu, 8GB da 8GB, domin hotonta daga RAM yake ci, sanda ɗaya kuwa tana rage faɗin hanyar bayanan da rabi.

A takarda, ta biyu da ta uku sun yi nasara. Amma Malam, nan Maraɗi ce. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, furosesa kuwa idan ta doshi digiri 100 sai ta rage saurin kanta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ragar fitar iska, man sanyaya furosesa ya bushe ya zama gari. Idan aka ɗauke wuta, kwamfutar wasa tana rage ƙarfi da zarar ta koma batir, batirin ma ba ya jimawa, kuma cajarta ta wat 120 zuwa 150 tana da wuyar samu ta gaske idan ta mutu. Abin da muke yi kafin saye shi ne mu duba lambar furosesa da manhajar CPU-Z, mu buɗe manhajar HWiNFO mai nuna zafi da sauri, mu kunna wasa mai nauyi na minti 30 a shagon, mu ga inda zafin ya tsaya da ko saurin ya sauka. Mai sayarwar da ya ƙi wannan gwaji, ba ma saye a wurinsa.

To ga tambayoyinmu. Wasu cikinmu suna ganin tsohuwar kwamfutar wasa da ta riga ta sha zafi a hannun wani, katin hotonta ne zai fara mutuwa, kuma a liƙe yake da allon uwa, wato babban allon cikin kwamfutar, ba ya sauyuwa. Wasu suna cewa share fanka da sabunta man sanyaya kafin kowace bazara ya isa. Wanne ya fi kusa da gaskiya a ganinka? Sannan yaron da burinsa PS3 ne amma kuɗinsa na PS2 ne, mu ce ya sayi mai 5600H yanzu, ko ya haƙura ya ƙara tari? Kuma muna so ka yi wa matasa bayani a kan BIOS, wato manhajar cikin PS2 da PCSX2 ke buƙata kafin ta kunna wasa, domin masu PCSX2 sun ce daga na'urar mutum ta kansa ake ciro shi, amma nan a kan filashi ake rarraba shi tare da ƙwayoyin cutar kwamfuta.

Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Masu sauraronka, masu gyaran kwamfuta a Maraɗi.