Zuwa ga abokan cinikinmu: dalilin da ya sa wani lokaci muke cewa "babu"

Assalamu alaikum.

Muna gaishe ku, muna kuma yi wa marasa lafiyarku fatan samun sauƙi.

Ƙorafin da muka fi ji daga gare ku shi ne mutum ya zo da takardar likita a ce masa maganin ya ƙare, sai jibi. Kuna da gaskiya, don mai hawan jini ko ciwon sukari bai kamata ya kwana biyu ba magani ba. Bari mu faɗa muku yadda muke saro magani da yadda muke ajiye shi, sannan mu roƙe ku abu ɗaya.

Magani yana da wa'adi. Ku duba jikin kwali, kusa da haruffan EXP: idan an rubuta 08/2027, daga ƙarshen Agustan 2027 ba za mu sayar da shi ba, ko da ba a taɓa buɗe kwalin ba. Shi ya sa wanda wa'adinsa zai fara cika shi muke jerawa a gaban kanta, ko da jiya ya iso, domin wani lokaci sabon kaya kan zo da ɗan gajeren wa'adi fiye da wanda ya tarar. Duk ƙarshen wata muna sauke kwalaye ɗaya bayan ɗaya, wanda saura wata 3 ya cika mu manna masa jar alama. Kantin da ya jibge maganin da ba a cika nema ba, ko dai ya yi asara, ko ya faɗa jarabar tura wa mutane abin da ya wuce lokacinsa. Mun zaɓi mu riƙa sarowa kaɗan-kaɗan.

Sai zafi. Yawancin ƙwayoyi ba sa son wurin da ya wuce digiri 25 ko 30, insulin kuwa, wato allurar masu ciwon sukari, da yawancin alluran rigakafi sai firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Akwai ma'aunin sanyi a cikin firijinmu, safe da yamma ana dubawa a rubuta a littafi. Wasu na zaton ƙarin sanyi ƙarin kariya ne, alhali insulin da ya daskare ya lalace ke nan, ko da ya narke daga baya. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba ma karɓar maganin da aka dawo da shi. Ba rashin yarda da ku ba ne. Ba mu san ko ya wuni a cikin mota a rana ba, kuma ba za mu miƙa wa wani shi ba.

Kusa da wa'adin akwai lambar rukunin da aka sarrafa maganin a ciki. Muna rubuta ta tare da sunan dilan da ya kawo. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan magungunan tari da mura na yara guda 4 da aka danganta da mutuwar yara a Gambiya. A irin wannan rana, mai rubuta lambar ne kaɗai zai iya janye kwalaben da abin ya shafa nan take. Hukumar ta kuma ƙiyasta a 2017 cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. Saboda haka idan dilolinmu masu rajista ba su da abu, ba ma cike gurbinsa daga hannun duk wanda ya shigo da jaka yana tayin araha. Gara mu ce babu.

Ga roƙonmu. Mun buɗe littafi na masu shan magani a kai a kai: hawan jini, sukari, asma, farfaɗiya. Ku ba mu sunan maganin, da ƙarfinsa, da ranar da zai ƙare, mu kuma mu tanadar muku kafin ranar. Wanda bai shiga littafin ba, ya sanar da mu tun saura mako guda. Masu farfaɗiya musamman, kada ku jira ƙwayar ƙarshe, don tsayar da maganin farat ɗaya yana iya tayar da ciwon. Idan kuma likita ya canza muku magani, ku gaya mana mu daina ajiye tsohon da sunanku.

Littafin yana wajen mai ba da magani, kuma abin da kuka rubuta a ciki sirri ne tsakaninmu da ku.

Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.

Naku,
Ma'aikatan kantin magani