Wasiƙa zuwa ga aminina mai haɗa jirgi a gareji

Palladan, Zariya.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, da kuma sanyin ƙasar taku da ka ce har ruwan famfo yana daskarewa. Mu ma hunturu ya kankama. Yau kwana huɗu ke nan hazo ya rufe gari, ko ƙarar jirgi ɗaya ban ji daga filin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ba, ɗalibai na zaune suna jiran sama ta washe. Ni ma shi ya zaunar da ni gida, na ce bari in ba ka amsa a tsanake, don ranar da ka kira ina tsakiyar kasuwa, layin kuma sai yankewa yake yi.

Hotuna sun iso. Ashe da gaske kake! Mutumin da ko sarƙar kekensa ta zame sai ya tura shi wurin mai faci, yau shi ne ya cika gareji da fukafukan RV-7, ƙaramin jirgin saman da mutum ke harhaɗawa da kansa. Na nuna wa Hajiya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in tambaye ka ko uwargida ta san da kai a ciki abin zai tashi. Ni dai ban yi mamakin jirgin ba. Ka tuna Air Beetle da aka harhaɗa wa sojan sama a Kaduna, guda 60? Ai RV-6A ne na kamfanin Van's, yayan naka ke nan, kuma injin Lycoming O-360 mai ƙarfin doki 180 ne a hancinsa, irin wanda ka saya.

To, ga maganarka. Ka ce tsofaffin da kuke haɗuwa a filin jirgi sun rabu biyu: wasu na cewa ka cire maganeto ka sa na'urar ba da wuta ta lantarki da fulogin mota, wasu na cewa wanda ya sa fulogin mota a jirgi ya gaji da duniya. Ni na fi shekara talatin hannuna cikin baƙin mai, kuma abin da zan ce maka shi ne ka sa. Fulogin ba shi ne abin tsoro ba. Abubuwan da ke kewaye da shi su ne nake so ka buɗe ido a kansu.

Maganeto, in ka tuna, kamar tsohon babur ne mai kontak. Shi yake yin wutarsa da kansa, ba ruwansa da batir, wannan shi ne darajarsa. Amma wuri guda ya sani. A injinka digiri 25 kafin fistin ya kai ƙololuwa yake ba da wuta, ko kana ƙasa ko kana sama, ko ka buɗe mai ko ka rage. Tartsatsinsa kuma ba shi da ƙarfi idan injin na juyawa a hankali, shi ya sa bakin fulogin jirgi yake a matse, milimita 0.4 zuwa 0.5. Ita na'urar lantarki, kamar yadda si-di-ai ta kori kontak a baburan 'yan acaɓa, tana duba gudun injin da yawan iskar da yake shaƙa, ta zaɓi lokacin ba da wuta, tartsatsin kuma mai kauri ne, yana tsallake milimita 0.8 zuwa 0.9 ba gardama. Injin ya tashi da wuri, ya yi silo lafiya, ya rage shan mai in kun yi sama. Kada dai ka kuskura ka buɗe bakin fulogi haka a ɓangaren maganeto. Wutar in ta kasa tsallakawa sai ta nemi hanya a cikin maganeton kansa, ta ƙone shi.

Su tsofaffin masu tsoro, ka tambaye su wane fulogi ne a cikin Rotax 912, injin da ya cika ƙananan jirage a duniya. Na kamfanin NGK ne, irin na babur, shekara da shekaru haka ya riƙa fitowa daga masana'anta. Rotax 582 kuwa BR8ES yake sha, wato ainihin wanda masu ƙera P-Mag, ɗaya daga cikin na'urorin ba da wutar nan, suke ba da shawara a sa wa Lycoming.

Ka san haruffan nan ba ado ba ne. B na nufin kaurin zare milimita 14, R na nufin akwai resista a ciki wadda ke hana rediyonka ƙara, E tsawon zare milimita 19. Lambar tsakiya ita ce mai kashe mutum. A wurin NGK, in lamba ta hau fulogin ya fi sanyi, wato ya fi saurin zubar da zafinsa cikin kan silinda. A wurin kamfanin Champion kuma akasin haka ne, nan mutane ke ruɗewa. Injin mota yawancin rayuwarsa hutawa yake yi, naka kuwa awa biyu, uku zai yi yana ba da kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na ƙarfinsa, kuma iska kaɗai ke sanyaya shi. Ka sa masa fulogi mai zafi, bakin ya yi ja kamar garwashi, sai ya riƙa kunna mai tun kafin tartsatsi ya zo, kafin ka ankara ya huda fistin.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni a watan jiya. Janaretona ya ƙi tashi, na shiga Sabon Gari neman BPR6ES. Yaron shagon ya miƙo min wani daban, ya ce, "Baba, ai duk ɗaya ne, in dai ya shiga ramin." Na ce a'a, lambar nan nake so. Ya shiga ciki ya fito da ita a kwali mai sheƙi. Da na dawo gida zuciyata ba ta kwanta ba, don ina juya shi washa ta zame ta faɗo a tafin hannuna, rubutun jikin farar tangaran ɗin kuma kamar an buga shi da hannun hagu. Na ɗauko mita na auna daga kai zuwa baki. Na gaskiya wajen om 5,000 yake nunawa. Wannan allura ta tafi kusan sifiri: R ɗin a kwali kawai take, ba komai a ciki. A janareto asarata 'yan nairori ce da zama cikin duhu dare ɗaya. Kada ka ce wai kana ƙasar Turawa jabu ba ya zuwa. Ta intanet yake shiga ko'ina. Ka saya wurin dillalin da aka sani, ka auna kowane ɗaya kafin ka ɗaura, kuma kada wani ya ce maka duk ɗaya ne.

Sai kan fulogin, inda hula ke kamawa. BR8ES iri biyu ne: akwai mai kai dunƙule, lambar kwalinsa 3961, akwai mai kan da ake kwancewa kamar noti, 5422. Na farkon za ka saya. Girgizar Lycoming ba ta wasa ba ce, tana kwance na biyun a hankali har hula ta yi sako-sako. Fulogin jirgi ana ɗaure wayarsa da noti, na mota kuwa turawa kawai ake yi, don haka sai ka ji ta ce ƙas, sannan ka ɗaure wayoyin kada su yi lilo ko su taɓa salansa.

Ramin silindarka milimita 18 ne, saboda haka sai da adafta, ɗan zoben tagulla mai zare ciki da waje. Siriri ne ƙwarai, kuma nan hannun bakanike mai ƙarfi yake ɓarna. Masu ƙera na'urorin ma bakinsu bai zo ɗaya ba: E-MAG, masu P-Mag, sun ce ka haɗa fulogi da adafta a hannu, ka ɗaure su tare ta jikin fulogin, Light Speed kuma sun ce adafta tukuna, fulogi daga baya. Littafin na'urar da ka saya shi za ka bi, da sifanar awo, ba da ƙwanji ba. Ka kuma leƙa tsakanin ramin fulogi da murfin bawul. In ka ga fenti rawaya, silindar mai dogon zare ce, adaftarta daban.

Inda na fi son fulogin mota shi ne araha, ba don rowa ba. Kuɗin na jirgi guda ɗaya zai saya maka na mota wajen goma. Ka tuna ranar da fulogi ya suɓuce min a hanga, rumfar gyaran jirage, ya faɗi kan siminti? Na ɗauka na goge a riga, na duba, ba ko ƙwarzane. Malaminmu ya karɓa, bai ce uffan ba, ya jefa shi kwandon shara, don tsagewar tangaran ta ciki ido ba ya ganinta. Na kwana ina jin zafin kuɗin. Da yawa saboda wannan zafin suke mayar da abin da ya kamata a yar. Shi na mota, in dalmar da ke cikin man jirgi 100LL ta taru a bakinsa, ba sai ka zauna da tsinke kana sakace ba; duk awa 100 ko duk shekara ka zubar ka sa sabo.

Abu biyu suka rage, kuma su ne suka fi hana ni barci. Na farko zafi. Na'urar nan tana iya kai wuta digiri 35 ko fiye, wutar da ta zo da wuri kuwa tana ƙara wa kan silinda zafi. Lycoming sun ja jan layi a 500 na ma'aunin Farenhait, amma kai kada ka saba da wuce 400. Ka sa ma'auni a silinda huɗun duka, kuma tunda injinka sabo ne, ka fara da saitin da ya fi kusa da 25 ɗin nan har zobban fistin su zauna.

Na biyu wutar kanta. Mu da muka tashi ana ɗauke mana wuta ana tsakiyar cin tuwo bai kamata a koya mana wannan ba. Light Speed da batir take rayuwa, in ka sa biyu dole ka sa batir na biyu. P-Mag tana da ɗan janaretonta a ciki, amma sai injin ya wuce wajen juyi 900 a minti yake ɗauka, don haka kafin tashi ka yanke mata wutar jirgi ka gani da idonka ko za ta riƙe. Da ni ne, tunda kowace silinda fulogi biyu gare ta, gefe ɗaya zan sa na'urar da fulogin mota huɗu, ɗaya gefen in bar maganeto da fulogin jirgi huɗu. Galibin ribar daga ta farkon take zuwa, kuma ranar da waya ta tsinke a sama tsohon yana nan yana aikinsa.

Abin dariya, mu nan jiragen Diamond da kwaleji ta kawo injin dizal gare su, kananzir ɗin jirgi suke sha, ko fulogi ɗaya babu. Wani yaro da ya zo gaishe ni na nuna masa tsohon fulogin jirgi REM40E da nake ajiye da shi a durowa, ya yi ta juya shi kamar kayan tarihi.

Ka turo min hoton fulogan bayan awa goman farko, a jere, kowanne da lambar silindarsa, sama da ƙasa, a cikin hasken rana. Launin bakinsu nake son gani. Kilishin da ka roƙa yana nan, ina jiran mai tafiya. Hajiya na gaida uwargida, ta ce har yanzu ba ka amsa tambayarta ba.

Naka har kullum,
Amininka na Zariya.