A fayyace mana asibitin da za mu kai mai shanyewar ɓarin jiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Kwanakin baya, bayan sallar asuba, kawuna ya miƙa hannu zai ɗauki ludayin kunu, hannun dama ya ƙi tashi. Baki ya karkace, magana ta sarƙe. Mutanen gida suka ce shafar iska ce, aka yi ta tofi da hayaki har hantsi. Ban ga laifinsu ba, iyakar saninsu ke nan. Daga bisani aka ɗora shi a amalanke zuwa ƙaramin asibiti, aka auna jini, aka tura mu gaba. Can ma aka sake tura mu gaba. Sai bayan la'asar muka shigo Damagaram.

A nan na ji abin da ya hana ni barci. Ashe ciwon iri biyu ne: ko dai gudan jini ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe. Akwai allurar da ke narkar da gudan, amma cikin awa 4 da rabi daga fara ciwon ake yinta, kuma idan aka yi wa wanda jijiyarsa ta fashe tana iya kashe shi. Ido ba ya bambance su, sai sikana, wato na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Ke nan duk tsayawar da muka yi inda babu sikana, lokacin kawu muka ɓata.

A Amurka tun 2003 ake binciken asibitoci a ba su takardar shaidar iya kula da wannan ciwo, wasu jihohinsu kuma suka yi doka motar ɗaukar marasa lafiya ta wuce can kai tsaye. Ba mu da kuɗinsu, na sani. Amma rubuta doka ba ya cin dala.

Ina roƙon ma'aikatar kiwon lafiya a Yamai ta ayyana asibiti ɗaya a kowace jiha. Kada a ba shi shaida sai masu bincike sun zo ba sanarwa, tsakar dare ma, sun tarar sikana na aiki, injin wuta da mai, likita na nan. Shekara ta zagayo a sake dubawa. Ma'aikacin jinya a Tanut ko Gure ya ga baki ya karkace, doka ta ba shi ikon tura mutum nan take, kada a tsaya cinikin kuɗin man mota da dangi.

Kawu yana raye, alhamdu lillahi. A zaune yake salla, da hagu yake jan carbi.

Wassalam,
Wani malamin makaranta, unguwar Birni, Damagaram