Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Baba Rabaran, shugaban gundumarmu, a kan hatsin gwauraye

Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da Mama. Ba zan ja gaisuwa ba don abin da ke cina ya fi ƙarfin haka, kuma na rubuto a fili ne saboda mun bi ta hannun dattawa, mun bi ta hannun sakatare, har yau shiru.

Ina hatsin godiyar kaka ya tafi?

Kai da bakinka ka tsaya a gaban jama'a ranar godiya ka ce bana ba za a taɓa wani kaso na masara da dawan da aka kawo ba, za a kulle a sito sai damina ta yi tsakiya a raba wa gwauraye da marayu da 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka kora daga gonakinsu. Mata suka yi guɗa. Akwai wadda ta ɗebo daga ɗan abin da ta samu a gonar aro ta kawo saboda wannan maganar taka. Toh yanzu ga Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, aka je sito aka tarar an share, wai an sayar tun rani an zuba kuɗin a tayil da rufin sabon zauren taro. Da mata suka zo da kuka sai aka hau mumbari aka yi mana wa'azin manna, wai Allahn da ya ciyar da Isra'ilawa a jeji zai ciyar da mu, mu dai mu ƙara bangaskiya.

Baba na gaskata da manna da dukan zuciyata. Na gaskata shekara 40 Allah yana sauko musu da abinci kowace safiya banda Asabar, kowa ya tara mudunsa, wanda ya yi haɗama ya ɓoye na gobe ya tashi ya tarar da tsutsa da wari, ga makware da yamma. Amma kai ka koya mana karatun Littafi kuma ka fi ni sanin cewa labarin bai ƙare a Fitowa 16 ba. Buɗe Joshuwa 5:12. Da suka haye Urdun suka sauka a Gilgal suka yi Idin Ƙetarewa suka ci amfanin ƙasar Kan'ana, manna ta tsaya cak, ba ta sake sauka ba. Jeji ba gona, ba kasuwa, ba wanda ya fi wani rumbu, shi ya sa Allah ya ciyar da su kai tsaye daga sama. Da ya ba su ƙasa sai ya ɗora cikin mai yunwa a wuyan mai gona da mai rumbu, kuma bai bar abin a ga dama ba, doka ya kafa.

Littafin Firistoci 19 ya ce in kana girbi kar ka girbe har gefen gona, kar ka koma kala, na matalauci ne da baƙo. Maimaitawar Shari'a 24 ya ce ko dami ka manta a gona kar ka koma ɗauka. Sura 14 kuma ita ce ta fi kama da maganarmu, duk shekara ta uku a fitar da zakkar amfanin gona a ajiye ta cikin gari, Balawe ya ci, baƙo ya ci, maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. A ajiye, Baba, don a ci. Ko Malachi 3:10 da ake karanta mana duk lokacin da baiko ya ja baya, ai dalilin da aka bayar a ayar shi ne domin a sami abinci a gidan Ubangiji. Mun kawo. Abincin ne babu.

Ka tuna Na'omi. Yunwa ce ta kore ta daga Baitalami zuwa Mowab, ta yi wajen shekara 10 can, ta binne miji ta binne 'ya'ya biyu, ta dawo hannu rabbana da surukarta Rut. Me ya raya su? Ba abin da ya faɗo daga sama a Baitalami. Wani mutum ne mai suna Bo'aza ya bi doka, har ya ƙara, ya ce wa masu girbinsa su riƙa zare zangarniyar sha'ir daga dami suna yar mata da gangan kuma kar wanda ya tsawata mata. Ta haka Allah ya tanada musu, ta hannun mai gona mai tsoron Allah. Matan da ke kwana a azuzuwan makarantarmu yanzu da 'ya'yansu, waɗanda aka kashe wa maza a gona, ai su ne Na'omin, kuma gonar da ya kamata su yi kala a ciki ita ce siton nan da aka share.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake jawo gwauruwar Zarefat duk lokacin da za a karɓi wani abu a hannun mata, a ce ta ba annabi Iliya ɗan garinta na ƙarshe, ku ma ku bayar. Eh ta bayar. Amma Iliya bai karɓa ya wuce ba, a gidanta ya zauna, tukunya ɗaya suka ci da ita da ɗanta har fari ya wuce, garin bai ƙare ba man bai ƙafe ba. In za a karɓa da sunan Iliya toh a zauna a ci yunwar tare da mu kamar Iliya.

Dan Allah Baba ka karanta Nehemiya 5 a daren nan kafin ka kwanta. Yunwa ta sa mutane suna jinginar da gonaki da gidaje don su sami hatsi, wasu har 'ya'yansu mata sun shiga bauta, ana tsakiyar ginin garun Urushalima kuwa, aikin Allah ne babba wanda ya fi zauren taronmu nesa ba kusa ba. Nehemiya bai ce a yi haƙuri sai an gama gini ba. Ya kira babban taro ya fuskanci manya ido da ido ya sa suka mayar da gonakin, shi kansa ya yafe abin da yake bi, kuma shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da ya cancanci gwamna ba saboda nauyin ya yi wa jama'a yawa. Irin wannan muke roƙo a wurinka, kuma na san za ka iya, don kai ne ka tsaya mana lokacin rikici da mutane suka watse.

Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, siminti da kwano ma sun tashi, na san kwamitin gini na matsa maka. Amma zaure zai iya jiran kaka. Yaron da ake dama wa ruwan kanwa da ɗan gari sau ɗaya a wuni ba zai iya ba.

Abin da muke so ba shi da yawa. Ka tsaya ranar Lahadi a inda ka yi alkawarin ka faɗa wa jama'a buhu nawa aka tara, nawa aka sayar, wa ya sa hannu, a karanta rasit kowa ya ji. A dakatar da tayil a sayo hatsi da abin da ya rage a asusun gini a raba kafin sabuwar masara ta fito. Kaka mai zuwa kuma makullin sito ya zama biyu, ɗaya a hannun zumuntar mata, don mu muka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Akwai maganar kuɗin makarantar marayu da ta alawus ɗin masu bishara na ƙauye da ba a biya ba, su ma suna nan, amma bari mu fara da ciki tukuna.

Muna jiranka ranar Lahadi, Baba.

'Yarka cikin Ubangiji,
ɗaya daga cikin matan zumunta